Batirin waya: yadda yake ƙarewa a hannunmu da abin da canza shi ke ci

Satin da ya wuce ƙanwata da ke karatu a harabar Kongo ta jami'ar ABU Zariya ta dawo gida da wayarta a ƙunshe cikin leda, murfin baya ya ɗago kaman burodin da ya sha yis, har gilashin gaba ya fara rabuwa da jikin wayar ta gefe ɗaya, kana iya zura farce a tsakani. Ta ce min "Yaya wallahi ban yar da ita ba, da asuba na tashi zan cire ta a caji kawai na ganta haka." Na yarda da ita, don ba faɗuwa ke kawo wannan ba. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne batirin nan wata huɗu kenan da sa shi, kuma ni na biya kuɗin, ni na zaɓi mai sauƙin kuɗin a cikin ukun da aka nuna min. Shi ya sa nace bari in zauna in warware maganar nan, don na lura kusan kowane gida a Zariya akwai mai wannan kukan, wayata ba ta riƙe caji, wayata na mutuwa a 30, an canza batir amma jiya i yau.

Abu na farko da ya kamata mu sa a ranmu, batir kayan ƙarewa ne, kaman tayar mashin. Ranar da aka haɗa shi a masana'anta ranar ya fara tsufa, ko kana amfani da shi ko yana ajiye a kwali. Abin da ke hannunka kawai shi ne saurin tsufan.

Duk wayoyin da muke riƙewa yanzu, Tecno ne, Infinix ne, itel, Samsung, Redmi, iPhone, batirin litiyam ne a cikinsu. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da irinsa kasuwa a 1991, kuma mutum uku da suka yi aikin gano shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sai a 2019 aka ba su kyautar Nobel. A cikinsa ɓangare biyu ne, da wani ruwan sinadari a tsakani da wata 'yar takarda siririya da ke raba su don kar su haɗu. In ka sa caji, ƙwayoyin litiyam na tashi daga ɓangare ɗaya su je su maƙale a ɗayan, wanda da girafayit aka yi shi, wato irin baƙin abin da ke cikin fensir. In ka cire kana amfani da wayar sai su riƙa komawa inda suka fito, wannan komawar ce ke ba wayarka wuta. To matsalar ita ce duk zuwa da dawowa sai an yi asarar wasu, sukan haɗu da ruwan nan su zama wani ɓawo da ke manne a jikin girafayit ɗin, ba za su ƙara tafiya ba har abada. Ka ɗauki randar da kullum ake zuba mata ruwan rafi, laka na kwanciya a ƙasa kaɗan kaɗan, in ka leƙa ta sama zaka ga ta cika taf, amma ruwan da ke ciki ba kaman na farko ba ne. Haka wayarka za ta nuna maka 100 alhali ɗarin yau ba ɗarin bara ba ce.

Masu ƙera waya da zagaye suke lissafa rayuwar batir. Zagaye ɗaya shi ne ka cinye abin da ya kai kashi 100 in an tara, ba wai duk sanda ka jona caja ba. In yau ka ci 60 ka cika, gobe ka ci 40, to zagaye ɗaya kenan ka yi a kwana biyu. Apple sun faɗa da bakinsu cewa batirin iPhone 14 da na ƙasa da shi an yi shi ne ya riƙe kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 500, daga iPhone 15 kuma suka ce 1000, kuma wannan duk a yanayi mai kyau ne. Yanzu yi lissafi da kanka. Mai zagaye ɗaya a rana zai kai 500 a shekara ɗaya da wata huɗu da ɗoriya. Amma mai POS a bakin kasuwar Sabon Gari da wayarsa ke kunne tun safe, ko ɗalibi a Samaru da ya buɗe hotspot wa abokan ɗaki yana kallon TikTok har biyun dare, wannan zagaye biyu yake yi a rana, wata takwas da 'yan kwanaki ya gama da 500 ɗin. Batir mai 5000 mAh, wato ma'aunin yawan wutar da yake ɗauka, in ya sauka zuwa kashi 80 ya zama mai 4000 kenan, kuma daga nan gangara ce, don yanzu ya fi saurin ƙarewa, kai kuma ka fi yawan sa shi a caji, zagayen na ƙara taruwa.

Akwai kuma wani abin da mutane ke ɗauka aljanu ne ko an yi wa wayar kutse, wato ta nuna 30 ko 25 ka buɗe kyamara ko kira ya shigo kawai ta ɗauke ɗif, ka jona caja ta farfaɗo a 28. Ɓawon nan da na faɗa ba rage yawan wuta kaɗai yake yi ba, yana tsuke hanyar da wutar ke bi, kaman famfon da bututunsa ya yi tsatsa, akwai ruwa a tanki amma in ka buɗe da ƙarfi ba ya iya kawowa. Wayar ta nemi wuta mai yawa lokaci guda, batir ya kasa bayarwa, sai ta kashe kanta. Sanyi na ƙara tsuke hanyar, shi ya sa a hunturu, Disamba da Janairu da sassafe, wannan matsalar ta fi yawa. Wannan ne ma ya jefa Apple cikin rigima a ƙarshen 2017, lokacin da suka amsa cewa suna rage gudun tsofaffin iPhone irin su 6 da 6s da 7 in batirinsu ya tsufa don kar su riƙa mutuwa haka, amma ba su gaya wa mutane ba. Mutane da yawa sun je sun sayi sabuwar waya suna ganin tasu ta gaji, alhali batir kawai take so. Da abin ya yi zafi suka sauke kuɗin canza batir daga dala 79 zuwa 29 a tsawon 2018, Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020, a Amurka kuma suka amince da biyan diyyar da ta kai dala miliyan 500. A 2018 ɗin ne kuma suka sa wurin duba lafiyar batir a cikin saitin.

To amma mu a nan babban makashin batir zafi ne. Su Apple ɗin dai cewa suka yi yanayin da ya fi dacewa da waya shi ne digiri 16 zuwa 22, kuma in zafi ya wuce digiri 35 yana iya yi wa batir lahanin da ba ya gyaruwa. Duk wanda ya san Maris da Afrilu a garin nan ya san 35 da rana ba labari ba ne, a inuwa ma kenan, balle cikin aljihun ɗan acaɓa da ke tsaye a Kwangila da azahar ko kan dashbod ɗin mota. Zafi na hanzarta haɗuwar sinadaran nan da ke cinye litiyam, kuma abin ya fi muni in batir ɗin cike yake taf sannan ga zafi. Waɗannan biyun in suka haɗu, cikar 100 da zafi, su ne ke tsufar da batirin shekara uku a shekara ɗaya.

Ka shiga kowane shagon caji a Tudun Wada ko Gyallesu ranar da ba wuta ka duba da idon basira. Rumfar kwano ce, katako an jera masa soket sun fi hamsin, wayoyi a kan juna kaman an jera masa a faranti, kowace da 'yar lambarta an manna da selotef, inji na ruri a bayan shago yana turo nasa zafin, ba fanka. In aka miƙo maka wayarka sai ka ji ta kaman an sauke daga tanda. Kuma ka kai ta ƙarfe tara na safe ta cika sha ɗaya, amma ba ka dawo ba sai la'asar, ta zauna a 100 cikin zafin nan awa biyar. Ban ga laifin masu cajin ba, sana'a suke kuma suna rufa mana asiri, waye ya manta Oktoban 2024 da aka yi kwana da kwanaki Arewa ba wuta, da ba don su ba da an yanke mu da duniya. Mutane na yawan cewa wutar inji ce ke kashe batir, ni a ganina an fi ɗora wa injin laifin da ya fi nasa. Caja mai kyau in ka duba jikinta zaka ga an rubuta tana karɓar daga 100 zuwa 240, tana daidaita wutar kafin ta isa wayar, a cikin wayar ma akwai abin da ke tsare ƙofa. Cajar bakin titi mara nauyi da ake sayarwa a baro ita ce ba ta da wannan kariyar yadda ya kamata, ita da zafin rumfar su ne abin tsoro.

Zaka ji ana cewa kar ka bar caji ya sauka ƙasa da 20, kar ya wuce 80. Maganar gaskiya ce, batirin litiyam ya fi samun sauƙi a tsakiya, shi ya sa Samsung suka sa wurin da zaka tsayar da caji kafin ya cika, iPhone 15 ma akwai na 80. Amma wanda ya tsara wannan shawarar yana da wuta awa 24. Mutumin da aka kawo wa wuta ƙarfe ɗayan dare kuma bai san yaushe za ta dawo ba in ta tafi, ka ce masa ya tsaya a 80? Ba zai ji ka ba kuma yana da hujja. Abin da nake ganin za mu iya shi ne mu yaƙi zafin, tunda shi ba ya buƙatar wuta. Cire wayar daga kwas in za ta shiga caji, kar a sa ta ƙarƙashin filo ko kan katifa, a ɗora ta kan siminti ko tayil, kar a riƙa gem ko kallon bidiyo tana jone, in ta yi zafi a bari ta huce tukun. Mai sola a gida ko mai fawa bank shi ne zai iya bin dokar 80 ɗin, kuma ya kamata ya bi. Wani abin kuma da ba a cika lura da shi ba, inda sabis ke da rauni waya na ƙara ƙarfi wajen neman netwok, tana shan caji tana ɗumi, in kana wurin da sanda ɗaya ce ke leƙowa tana ɓacewa gara ka kashe data.

Su kuma tsofaffin dokokin nan na cewa sabuwar waya sai ta kwana a caji awa takwas, ko sai ka bari ta mutu gaba ɗaya kafin ka sa, daga zamanin batirin nikel aka gado su, ba su shafi litiyam ba, barin sa ya mutu ƙurmus kullum ma cutar da shi yake. Sa batir a firji ko shanya shi a rana wai ya farfaɗo, don Allah a daina.

Yanzu maganar kuɗi, inda abin ya fi ciwo.

Waɗanda suka riƙe Nokia bayan shigowar GSM a 2001 sun san da ba haka abin yake ba. Ka zare murfi da babban yatsa, ka cire BL-5C ɗinka, ka sa wani, an gama, wasu ma biyu suke yawo da su, ɗaya na waya ɗaya na maƙale a cajar nan mai haƙora biyu. In kana zargin ya kumbura sai ka ɗora shi kan tebur ka juya, in ya yi ta wulwulawa kaman katantanwa to ya tashi aiki. iPhone ta zo a 2007 da batir a rufe, Samsung suka riƙe murfi mai buɗuwa har Galaxy S5 a 2014, daga S6 a 2015 su ma suka liƙe, yawancin sauran ma suka bi. Hujjarsu waya ta yi siriri, ruwa kar ya shiga, batir ya ƙara girma tunda ba sai an yi masa kwanson roba mai tauri ba. Akwai gaskiya a ciki, amma ni ba wanda zai gamsar da ni cewa ba su lura da cewa mutumin da canza batir ya yi wa wuya sabuwar waya zai saya ba.

Ranar da na kai wayar ƙanwata wurin mai gyara a unguwar PZ karo na farko na tsaya a kan mai gyaran ina kallo. Ya ɗora ta kan wani faranti mai ɗumi don gam ya saki, ya riƙa zura wata 'yar roba siririya yana zagaya gefen a hankali, ya ɗaga murfin yana kaffa-kaffa da wani zaren waya na wurin dangwala yatsa, ya kwance sukurori sun fi goma kanana kaman ƙwayar gero, sannan ya ɗiga sinadari a ƙarƙashin batir ɗin kafin ya ɓanɓaro shi, don in ya lanƙwashe ko abu ya huda shi wuta ce. Aikin ya kai rabin awa. Kuɗin hannun da yake karɓa ba na zama ba ne, in gilashin baya ya tsage a hannunsa shi zai biya. Kafin ya fara ya fito min da batir uku, ya ce "Yallaɓai ga wannan, ga wannan, ga kuma folokom, shi daga jikin wata wayar aka ciro, orijinal ne amma ya yi aiki." Na tsakiyar ya kusa ninka na farko a kuɗi. Na ce ba duk ɗaya ba ne, ga rubutun jikinsu iri ɗaya? Ya ce "Rubutu kam ɗaya ne yallaɓai." Bai ƙara komai ba, ni kuma na ɗauki na farkon. Araha ba ta ado, yanzu ga shi na biya kuɗin batir sau biyu, kuɗin hannu sau biyu, kuma saura ƙiris gilashin ya tafi, wanda shi kaɗai ya fi batir ɗin tsada nesa.

Me ya sa kuɗin ya haura haka? Ba a yin batirin waya a ƙasar nan, daga Caina yake zuwa da dala, ya sauka Legas ya shiga Computer Village a Ikeja, ko ya biyo ta Farm Centre a Kano, kafin ya iso Zariya kowa ya ɗora nasa. Kafin Yunin 2023 dala a farashin gwamnati wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500, ga cire tallafin mai a Mayun 2023 da ya taɓa kuɗin mota da kuɗin man injin shago. Abin da ke ci min rai a nan, litiyam ɗin nan akwai shi a ƙasarmu, ana haƙo shi a Nasarawa har an buɗe masana'antar sarrafa dutsen a can a 2024, ya fita a buhu ya dawo mana a kwali da farashin dala.

Masu iPhone nasu ya fi zafi. A Amurka Apple na karɓar dala 99 su canza batirin iPhone 14 ko 15, ko a ce dala ɗaya naira 1,500 take, ya kusa naira 150,000 kenan, sama da albashin wata biyu ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na 70,000. Kuma daga XS da XR zuwa sama in aka sa batirin da wayar ba ta gane ba sai ta riƙa nuna saƙon gargaɗi. Wannan ya haifar da wata sana'ar, ana cire ɗan fanel ɗin da ke kan tsohon batir a haɗa da sabo, ko kuma abin da ya fi muni, a yi amfani da na'ura a mayar da lambar lafiyar batir 100 alhali tsohon ne a ciki. Shi ya sa in za ka sayi ta hannu wadda ake cewa ta Landan, ka ga waya mai shekara huɗu tana nuna 100, kar ka yi murna, ka tambaya an canza ne ko an ɗaga ne, kuma ka riƙe ta ka kunna kyamara na minti goma a gaban mai shagon ka ga yadda lambar ke sauka.

Akwai kuma abin da ko mai shagon kirki ba ya iya magancewa. Tunda batir na tsufa ko a kwali yake, in wayarka tsohon yayi ce to batirin da za a samo mata wataƙila ya yi shekara biyu ko uku a sito cikin zafi, sabo ne a ido amma ya riga ya ci rabin tafiyarsa. Yawancin batura akwai kwanan watan da aka yi su a jiki, ka ce a nuna maka.

A Turai sun gaji da wannan sun yi doka. Daga 20 ga Yunin 2025 duk wayar da za a shigar kasuwarsu dole batirinta ya kai zagaye 800 yana riƙe da kashi 80, kuma dole kamfani ya ci gaba da samar da kayan gyaranta har shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin. Akwai wata dokar ta 2023 da za ta fara aiki a 2027 mai neman mutum ya iya cire batir da kansa, duk da an yi wa wasu wayoyin togaciya. Ba don mu aka yi ba, amma yadda dokarsu ta tilasta wa iPhone komawa caja irin ta kowa muka amfana, ina fatan wannan ma ya iso mu.

Kafin ka kashe ko sisi dai ka tabbatar batir ɗin ne. Ƙurar hunturu na toshe bakin caji ta sa waya ta riƙa caji a hankali, igiyar caja na lalacewa ta ciki, wata manhajar na cin wuta a ɓoye, duk ana iya ɗora wa batir. Masu Samsung akwai gwaji a cikin Samsung Members, masu Tecno da Infinix da itel kuma Carlcare ne ke kula da gyaran wayoyinsu a hukumance, in wayar na cikin garanti a fara ta can kafin kowa ya buɗe ta. In ya tabbata batir ne kuma sauran wayar lafiya lau, gilashi garau, fanel bai taɓa shan ruwa ba, to canza shi da mai kyau ya fi sayen sabuwa sauƙi nesa ba kusa ba a wannan marrar. Ka nemi mai gyara ya ba ka kwanaki na gwaji ya rubuta a rasit, wanda ya yarda da kayansa ba zai ƙi ba.

Wanda ya kumbura kuwa ba a jira da shi. Iska ce ta taru a ciki saboda sinadarin ya fara ruɓewa, kar a danna shi, kar a huda da allura wai a sace iskar kaman yadda na ga wasu yara na yi, kar a ƙara jona shi a caji ko sau ɗaya. Duk wanda ya tuna Galaxy Note 7 a 2016, da Samsung suka janye ta gaba ɗaya aka kuma hana shiga jirgi da ita saboda kama wuta, ya san abin da ɗan batir ke iya yi. Ƙanwata kan katifa take cajin tata, a ɗakin da suke su huɗu.

Wannan karon na tsakiyar na ce a sa mata, na duba kwanan watan da idona, ya rubuta min wata ɗaya a rasit. Da zan tafi na ce ya ba ni kumburarren in jefar, ya girgiza kai ya ce "A'a yallaɓai, bolar unguwa wuta ake sa mata, ga yara na tone-tone." Ya jawo wani tsohon gwangwanin madara da ya cika rabi da yashi daga ƙarƙashin benci, akwai wasu guda biyar ko shida a ciki, ya tura namu a tsakiya ya rufe.